Gidan Dara na Lambobi: Daga Hatimin Malamin Katsina zuwa Manhajar Zane Mai Motsi

Da zarar an ga watan Ramadan, kafin ma a yi sahur na farko, wayoyin mutanen Babura da Kazaure sun cika da jadawalin shan ruwa. Wani hoto ne kawai, wani kuwa ɗan gajeren bidiyo ne: layuka talatin suna saukowa ɗaya bayan ɗaya, kowane da lokacin ketowar alfijir da na faɗuwar rana. Idan kakar zaɓe ta zo, ƙuri'u ne ke hawa a gaban sunayen jam'iyyu. Ƙarshen mako kuma teburin gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ne, ƙungiyoyi 20 suna sauya matsayi, magoya bayan Kano Pillars suna lalubo inda tasu ta tsaya. Duk waɗannan abu ɗaya ne ta fuskar wanda ya haɗa su: gidan dara ne cike da lambobi, kuma dole wani ya san yadda kowace lamba za ta sami gidanta, ta zauna a ciki, ta motsa a lokacin da ake so.

Hanya biyu ce. Ta farko ita ce wadda akasarin masu koyo ke bi a shagunan kwamfuta: a buɗe manhaja, a rubuta lamba, a ja ta da linzami zuwa inda ido ya ce ta yi daidai, a kwafa, a sake ja. Ga gidaje tara ko goma sha biyu wannan ba laifi. Amma a ɗauki allon bidiyo na yau da kullum, mai faɗin ɗigo 1,920 da tsayin ɗigo 1,080. Idan aka ba kowace lamba fili mai ɗigo 60 ta kowane ɓangare, za a sami gidaje 32 a kwance da 18 a tsaye, jimla 576. Bidiyon da ake nunawa a talabijin ɗin Nijeriya hotuna 25 yake saki a kowace daƙiƙa. Ke nan idan ana son kowace lamba ta riƙa sauyawa a kowane hoto na tsawon daƙiƙa goma kacal, lambobi 144,000 ake magana. Babu hannun da zai yi wannan. Ko da ya yi, ranar da mai aikin ya dawo ya ce a ƙara layi ɗaya, an koma farko.

Hanya ta biyu ita ce a daina gaya wa kwamfuta inda kowace lamba take, a koya mata ƙa'idar da za ta gano wurin da kanta. Kuma ƙa'idar ba ta wuce lissafin ɗan aji huɗu na firamare ba: rabawa da saura.

Ga yadda take. A ba kowane gida lambar jeri, a fara daga sifiri, a bi ta hagu zuwa dama, layi bayan layi. Ana son a san inda gida na 137 yake a allon nan mai gidaje 32 a kwance. Sai a raba 137 da 32. Ya ba da 4, saura 9. Huɗun nan ita ce layin, taran kuma ita ce matsayinsa a cikin layin. A ninka 9 da 60 a sami ɗigo 540 daga gefen hagu, a ninka 4 da 60 a sami ɗigo 240 daga sama. An gama. Wannan lissafin guda shi zai zaunar da gida na farko, shi zai zaunar da na 575, kuma in an ce a mayar da faɗin gidaje 20 maimakon 32, lamba ɗaya za a canza, sauran duk su shirya kansu. Abin lura shi ne aikin da saura ke yi: ita ce ke sa ƙirga ta dawo gefen hagu duk lokacin da ta kai bango. Bayan 31 sai sifiri, a sabon layi.

Manhajar da ta fi shahara a wannan sana'a, After Effects, ta fito a 1993 daga wani ƙaramin kamfani mai suna CoSA a birnin Providence na Amurka, kuma ta koma hannun Adobe a 1994. Shekarunta na farko sai an dasa wa kowane motsi alama da hannu a kan layin lokaci. A 2001 ne aka ƙara mata damar rubuta ɗan gajeren umarni na lissafi, da harshen JavaScript, a jikin kowace siffa ta abu: wurinsa, girmansa, duhunsa, daga baya har da rubutun da ke cikinsa. Daga nan mai zane zai iya rubuta ƙa'idar rabawa da saura sau ɗaya a kan shimfiɗa guda, wato abin da ke ɗauke da lamba ɗaya a manhajar, ya yi ta kwafarta, kowace sabuwar shimfiɗa ta duba lambar jerinta ta tafi gidanta. Akwai wani ɗan tarko da kusan kowane mai koyo ke faɗawa: manhajar tana ƙirga shimfiɗunta daga ɗaya ne, ba daga sifiri ba, don haka in ba a debe ɗaya ba kafin a raba, gidan farko zai zauna fanko, komai ya gusa gaba da taki guda.

Sai dai shimfiɗa 576 nauyi ne ga irin kwamfutocin hannu 'yan gwanjo da matasa suka fi iya saye. Gwanaye sukan kauce wa wannan ta hanyar shimfiɗar rubutu guda ɗaya tak, wadda umarnin cikinta ke zagayawa yana jera lambobi, in ya cika layi ya sauko ƙasa. Wasu manhajojin kuma an gina su ne tun asali a kan tunanin kwafi bisa ƙa'ida. Cinema 4D ta kamfanin Maxon na Jamus ta sami sashenta na MoGraph a 2006, inda ake ba da abu ɗaya a ce a hayayyafa shi a jere. Blender, wadda Ton Roosendaal ɗan ƙasar Holan ya ƙirƙira aka kuma sake ta kyauta ga kowa a 2002, ta sami tsarin Geometry Nodes a 2021, inda ake haɗa akwatunan lissafi da zare maimakon rubuta umarni. Wannan ta ƙarshe ta fi dacewa da ɗalibin Roni ko Gwiwa, domin ba a biyan kuɗin wata-wata da dala, kuma ba sai an nemi kwafin sata da ke zuwa da ƙwayar cuta ba.

Wanda ya karanci tarihin malamtar ƙasar Hausa, idan ya ga ƙirga tana fita ta bangon dama tana shigowa ta hagu, zai ji kamar ya taɓa ganin abin nan. Ya gan shi kuwa, a hatimi.

Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi malami ne Bakatsine da ya rayu a farkon ƙarni na 18. Ya yi karatunsa a ƙasashen nan, ya tafi aikin hajji, daga baya ya zauna a Alƙahira. A 1732 ya kammala wani littafi da Larabci, Bahjat al-Afaƙ, a kan ilimin haruffa da aufaƙ, wato murabba'an lambobi da jimlar kowane layi nasu take zama ɗaya, a kwance, a tsaye, da kuma daga kusurwa zuwa kusurwa. Ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, mahaifin Abdurrahman al-Jabarti, masanin tarihin Masar da ya kawo labarinsa a cikin babban littafinsa. Kwafin rubutun hannu na aikinsa yana ɗakin karatu na makarantar nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan, kuma ta hanyarsa ne Claudia Zaslavsky ta gabatar da shi ga masu karatun Turanci a littafinta Africa Counts na 1973. Abin da ya ja hankalin masana lissafi a aikin nasa shi ne bai tsaya ga zana hatimai a kwafa ba. Hanyoyin gina su ya bayyana, musamman masu gidaje mara, wato uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai, zuwa sama.

Ilimin ya girme shi nesa ba kusa ba. Sinawa sun san murabba'in uku-uku tun zamanin da, suna kiransa Lo Shu. Wasiƙun Ikhwanus Safa na Basra a ƙarni na 10 sun kawo murabba'ai, Ahmad al-Buni na ƙarni na 13 ya shahara da su, kuma mai zanen nan na Jamus, Albrecht Dürer, ya sa murabba'in huɗu-huɗu mai jimla 34 a zanensa na 1514, har ya shirya shi yadda 15 da 14 suka zauna kusa da juna a layin ƙasa. Bafaranshe Simon de la Loubère, da aka tura jakadanci ƙasar Siyam a 1687, ya dawo da wata hanya mai sauƙi ya buga ta, kuma ita ce ta fi saurin nuna dangantakar hatimi da manhajar yau.

A zana gidaje tara. A sa 1 a tsakiyar layin sama. Daga nan ƙa'ida ɗaya ce: a hau taki ɗaya sama, a matsa taki ɗaya dama. In an fita ta sama, a shigo ta ƙasa. In an fita ta dama, a shigo ta hagu. In an tarar gidan da mai shi, a sauko ƙarƙashin lambar da aka rubuta yanzu. Da wannan 2 za ta faɗa kusurwar dama ta ƙasa, 3 ta ɓullo a gefen hagu na layin tsakiya, 4 ta sauko ƙarƙashinta saboda 1 ta tare hanya, 5 ta zauna a cibiya, haka har 9. Abin da zai fito shi ne 8, 1, 6 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 4, 9, 2 a ƙasa. Ta duk inda aka tara, 15 ne. A bi wannan ƙa'ida a gidaje biyar-biyar a sami 65, a bakwai-bakwai 175, a tara-tara 369. Kuma "in an fita ta dama a shigo ta hagu" ba komai ba ne illa saura: a gidaje uku, matsayi na 3 in an raba shi da 3 saura sifiri, wato gefen hagu. Malamin da ke cika hatimi da alƙalamin kara da tawadar zige yana gudanar da irin umarnin da ɗan zane ke rubuta wa After Effects, sai dai shi a kansa yake riƙe da shi.

Maganar hatimi tana da ɓangaren da malamai suka daɗe suna saɓani a kai, wato amfani da shi a laya da rubutun sha da neman tsari. Akwai masu yi, akwai masu ganin haramun ne, kuma wannan hukunci na malaman addini ne. Amma jimlar 8 da 1 da 6 ba ta shiga wannan saɓani ba. Abin takaici ne a ce saboda gardamar da ke kan amfanin, an bar lissafin ya ɓace daga makarantu, har yaro ya gama sakandare a Jigawa ko Katsina bai taɓa jin cewa wani mutumin ƙasarsa ya rubuta littafi a kan gina jadawalin lambobi kusan shekara ɗari uku da suka wuce ba.

Ba kowane gidan dara ne lambobinsa ke da tsari irin na hatimi ba. Wanda aka fi nema a wajen masu zane shi ne mai lambobin barkatai, irin wanda ake sa wa a bayan mai gabatar da shirin kimiyya, ko a fim lokacin da ake son nuna ɗan damfara yana kutse a banki. Uban wannan salo shi ne fim ɗin The Matrix na 1999, mai korayen haruffa suna zubowa daga sama, waɗanda Simon Whiteley ya zana ta hanyar cakuɗa lambobi da haruffan Japananci da aka juya. Tun daga lokacin ake kwaikwayonsa, har a tallan makarantun koyon kwamfuta na Kano.

Kwamfuta kuwa ba ta iya barkatai na gaskiya da lissafi kaɗai. Abin da take yi shi ne ta ɗauki lamba ɗaya a matsayin iri, ta yi mata wani lissafi, sakamakon ya zama sabon iri. Ga ƙaramin misali da kowa zai iya gwadawa a takarda: a ninka da 5, a ƙara 3, a raba da 16, a riƙe saura. In an fara da 7, za a sami 6, sai 1, sai 8, sai 11, sai 10, sai 5, sai 12. Ido zai ce babu tsari, alhali duk wanda ya fara da 7 wannan jerin zai samu, kuma bayan taki 16 zai dawo inda ya faro. Manhajojin gaske suna amfani da lambobi masu girman gaske ne don kada zagayen ya bayyana. Saurar nan ce dai ta sake dawowa. Kafin kwamfuta ta wadata, samun irin waɗannan lambobi babban aiki ne, har cibiyar RAND ta Amurka ta buga littafi sukutum a 1955 mai ɗauke da lambobin barkatai miliyan ɗaya.

Ga mai zane, maimaituwar nan alheri ce. Idan ya nuna wa mai aiki bidiyo yau aka amince, gobe in ya fitar da shi zai fito yadda aka gani. In kuma ya ga gidaje biyu maƙwabta suna nuna lamba iri ɗaya kullum, ya san iri ɗaya ya ba su, sai ya sa lambar jerin kowane gida ta zama irinsa. A After Effects umarnin seedRandom ne ke wannan aiki, posterizeTime kuma shi ke rage saurin sauyawa, a ce sau uku a daƙiƙa maimakon 25. Ragewar ba don kyau kaɗai ba ce. Walƙiya mai sauri a allo tana iya tayar da farfaɗiya ga masu ɗauke da ita. A Disamban 1997 wani shirin zane na Pokémon ya kai ɗaruruwan yara asibiti a Japan saboda haske ja da shuɗi da ya riƙa walƙawa, kuma ƙa'idar da masu watsa shirye-shirye ke bi a yau ita ce kada walƙiya ta wuce sau uku a daƙiƙa.

Inda lamarin ya fi nauyi shi ne lokacin da lambobin ba ado ba ne, labari ne. Jihar Jigawa tana da ƙananan hukumomi 27, waɗanda ke zama daram a layi uku na tara-tara. Mazaɓar sanatan arewa maso yamma, inda Babura, Kazaure, Roni da Gwiwa suke, tana da 12, wato uku sau huɗu. Jihohi 36 shida-shida ne, amma da an ƙara Abuja sun zama 37, lambar da ba ta rabuwa da komai sai kanta da ɗaya, don haka dole layin ƙarshe ya zo da gida guda tilo ko a sake tsarin gaba ɗaya. Ƙananan hukumomin ƙasar 774 ba su da wata rabuwa mai kyau sai 18 sau 43. A zaɓen 2023 rumfunan zaɓe 176,846 ne. Duk mai shirya sakamako don allo yana fama da irin wannan lissafi kafin ya kai ga zaɓen launi.

A irin wannan aiki bai kamata hannun mai zane ya taɓa lamba ko ɗaya ba. Tun wajen 2018 After Effects take iya karanta fayil ɗin bayanai kai tsaye, irin wanda ake fitarwa daga Excel, yadda kowane gida zai ɗauko abin da ke layinsa. In an gyara fayil, bidiyo ya gyaru. Amfanin wannan a fili yake: kuskuren kwafa ya ragu, kuma akwai takarda ɗaya da za a koma a duba idan gardama ta tashi. Haɗarinsa ma a fili yake ga wanda ya san tarkon nan na fara ƙirga daga ɗaya ko daga sifiri. Gusawar taki guda a adon bango ba wanda zai lura. Gusawar taki guda a teburin zaɓe tana nufin ƙuri'un Babura sun bayyana a gaban sunan Birnin Kudu, kowace ƙaramar hukuma ta ɗauki na maƙwabciyarta a jerin haruffa, kuma bidiyon zai fito tsaf, ba alamar ɓaraka. Jama'a sun fi saurin gaskata lamba idan ta zo a tsare tana motsi da kiɗa a bayanta, fiye da in an rubuta ta da biro.

Akwai kuma salon nan na sa lamba ta riƙa hawa daga sifiri har ta kai adadinta. Yana da daɗin kallo, amma duk lambobin da ke wucewa kafin ta tsaya ba na gaskiya ba ne, kuma ba abin da ya fi sauƙi kamar a ɗauki hoton allo a tsakiyar hawan a watsa shi a WhatsApp a ce sakamako ne. Ga ƙuri'u, ko adadin waɗanda ambaliya ta shafa, ko farashin buhun gero a kasuwar Maigatari, ya fi aminci lambar ta bayyana a cike lokaci ɗaya, da kwanan wata da sunan inda aka samo ta a jikin allon.

Jadawalin azumi ma haka. Rana tana riga faɗuwa a garuruwan gabas, minti huɗu ga kowane digiri ɗaya. Tsakanin Maiduguri da Sakkwato akwai kimanin rabin sa'a, tsakanin Maiduguri da Babura kuma wajen minti goma sha biyar. Wanda ya sauko da shiryayyen zane daga intanet, ya goge sunan wani gari ya rubuta na garinsu, ya bar lambobin yadda suke, zai iya sa mutane su sha ruwa rana ba ta faɗi ba. Shiryayyun zanukan da ke cikin CapCut da Canva sun buɗe wa dubban matasa ƙofar sana'a da waya kaɗai, kuma wannan abin yabo ne. Iyakarsu ita ce suna ba da kwalliyar gidan ne, ba su san abin da ya kamata ya zauna a ciki ba.

Sai matsalolin da suka keɓanta da mai aiki da Hausa. A yawancin salon rubutu na kwamfuta, 1 ta fi 8 siranta, don haka idan lambobi suna sauyawa layin tsaye yakan riƙa rawa. Maganinsa a zaɓi salon da lambobinsa ke da faɗi ɗaya, a kuma cike gurbi da sifiri ko fili don 7 da 70 da 700 su daidaita ta dama. Amma salon da ya warware wannan sau da yawa ba shi da haruffa masu lanƙwasa. Kwamfuta tana riƙe kowane harafi da lamba ne, kamar yadda malaman hisabi ke ba alif ɗaya, harafin ba biyu, jim uku. A tsarin Unicode ƙ ita ce 409, ɓ 595, ɗ 599. Idan wanda ya zana salon bai zana komai a waɗannan gidaje ba, sai akwati fanko ya fito a tsakiyar "ƙuri'a", ko mai zane ya gaji ya rubuta "kuri'a" ya wuce. Alamar naira ma takan gamu da haka. Akwai salon da suka cika, kamar Noto na Google da Andika da Charis na ƙungiyar SIL, kuma kyauta ne. Mai haɗa jadawalin musabaƙar Alƙur'ani ko na makarantar Islamiyya yana da ƙarin aiki: rubutun Larabci yana tafiya daga dama, don haka gida na farko yana kusurwar dama, kuma sai an juya ƙa'idar saurar, a debe ta daga gefen ƙarshe. Biyar ta lambobin Larabawan gabas kuma zagaye ce mai kama da sifirin boko, abin da ke rikita mai kallo idan aka gauraya tsarin biyu a allo ɗaya.

A ƙarshe bidiyon waya zai je, ba allon silima ba. WhatsApp da Facebook suna matse bidiyo ta hanyar ajiye abin da ya sauya kawai tsakanin hoto da hoto. Gidaje 576 da ke sauyawa gaba ɗaya su ne mafi munin abin da za a ba irin wannan matsi, sai ƙananan lambobin su dagule su zama dusa. Ga wayar da ake riƙewa a tsaye, gidaje kaɗan masu manyan lambobi, da jinkirin da zai ishi dattijo ya karanta, sun fi cikar allo amfani, kuma sun fi sauƙin data.

Wannan yanki ba baƙon ilimin kwamfuta ba ne. Kazaure tana da cibiyar koyar da fasahar sadarwa ta jiha tun zamanin gwamnatin Saminu Turaki, tana kuma da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu. A 2021 gwamnatin tarayya ta amince da kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura. Kano, cibiyar Kannywood da gidajen talabijin irin su Arewa24, tana nan kusa ta hanyar Ɗambatta, kuma kowane shiri da suke yi yana buƙatar mai haɗa sunaye, maki da jadawali. Abin da ya kamata waɗannan makarantu su guje wa shi ne raba ɗalibai gida biyu, masu lissafi can, masu zane nan, domin aikin da ake magana a kai yana tsakiyar biyun ne. Ɗalibin da ya iya ƙa'idar zai koma kowace manhaja cikin mako kaɗan. Wanda maɓallan manhaja ɗaya kawai ya haddace, ranar da kamfanin ya sauya fasalinta ya zama ɗan koyo.

Aikin gwaji na makon farko ba ya buƙatar a nemo shi daga waje. A ce wa ɗalibi ya gina hatimin biyar-biyar da ke cika kansa a allo, daga 1 zuwa 25, kowace lamba tana bayyana a lokacinta, ana ganin yadda take fita ta bango tana shigowa ta ɗaya gefen, sannan jimlar kowane layi ta fito a gefe. A cikin wannan aiki guda zai yi amfani da rabawa da saura, zai gamu da tarkon sifiri da ɗaya, zai nemi salon rubutu mai lambobi masu faɗi ɗaya, zai koyi sarrafa lokaci. Kuma ba ya buƙatar malami ya gaya masa ko ya ci: in layuka biyar na kwance, biyar na tsaye da biyu na kusurwa duk ba su ba da 65 ba, akwai gyara. Wanda ya wuce wannan sai a ce ya mayar da biyar ɗin bakwai ta hanyar canza lamba ɗaya tak. Daga nan a ba shi shida-shida, inda ƙa'idar hawa sama da matsawa dama ba ta aiki sam, kuma sai ya nemo wata hanyar kafin layukansa su ba da 111.